Tambari ɗaya a ƙofa biyu: rikicin masu gadi a cikin gajimare

Da farko babu abin da ke nuna an samu matsala. Injiniya ya rubuta 'yan layuka, ba su fi goma sha biyu ba, yana gaya wa Kubernetes cewa ga manhajarsa nan, a buɗe mata ƙofa ta intanet jama'a su shigo. Ya tura umarni, na'ura ta ce ta karɓa. Ya duba wurin da adireshi zai fito, sai ya ga kalma ɗaya tak mai nufin ana jira. Ya tashi ya haɗa shayi ya dawo, ana jira. Ya yi sallar la'asar ya dawo, ana jira.

Sai da ya tono rajistar abubuwan da suka wakana a bayan fage ya ci karo da saƙon. Abin da yake cewa a taƙaice: na tarar da rukunin tsaro fiye da ɗaya ɗauke da tambarin wannan gungu a jikin inji kaza, a tabbatar ɗaya ne kawai ke da shi. Manhajar lafiyarta ƙalau, injuna suna aiki, babu ɓarawon da ya shigo. Abin da ya tsayar da komai shi ne wani ɗan rubutu da aka manna a wuri biyu maimakon wuri ɗaya.

Duk wanda ya daɗe yana tafiyar da Kubernetes a kan injunan Amazon ya taɓa ganin wannan saƙo ko ƙaninsa. Shekaru ke nan yana yawo, ana sauya masa lafazi, tushensa bai sauya ba.

Kwantena da gidan haya

Kalmar kwantena ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwa. A 1956 ne wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, ya loda akwatunan ƙarfe 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston, kuma dabararsa ita ce kada ma'aikacin tasha ya damu da abin da ke ciki, atamfa ce ko taya, tunda girman akwatin da maƙalarsa ɗaya ne. Masu manhaja suka ari sunan da dabarar. A 2013 kamfanin Docker ya sauƙaƙa yadda za a ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata a cikin ƙunshi guda wanda zai yi aiki a kowace kwamfuta. Da kwantenoni suka yi yawa sai aka buƙaci mai tsara su, wanda zai ce wannan ta hau wancan inji, in ta mutu a tayar da wata. A 2014 Google ya fitar da Kubernetes, sunan da ke nufin matuƙin jirgi a harshen Girka, sigar farko cikakkiya ta fito a watan Yulin 2015. Tarin injunan da yake juyawa tare shi ake kira gungu.

To amma Kubernetes ɗan haya ne. Ya san kwantenoninsa ciki da bai, sai dai filin da yake zaune a kai ba nasa ba ne. Injunan, hanyoyin sadarwar da katangar tsaron duk na mai gida ne, wato Amazon ko Google ko Microsoft, abin da ake kira gajimare ke nan: kwamfutocin wani da kake haya ta intanet. Idan ɗan haya yana son a fasa ƙofa a katanga, sai ya aika wakili wurin mai gida. Wannan wakilin wata ƙaramar manhaja ce da aikinta kawai ta duba abin da aka nema, ta duba abin da ke akwai, ta daidaita su, ta sake dubawa, ba dare ba rana.

Lokacin da injiniyan nan ya nemi ƙofa, aiki uku wakilin zai yi. Zai hayo mai rabon lodi, na'urar da ke tsayawa a bakin ƙofa tana rarraba baƙi ga injuna kamar ɗan kamasho a tasha yana raba fasinjoji ga motoci. Zai yi masa nasa rukunin tsaron. Sannan ya je rukunin tsaron da ke gadin injunan gungun ya ƙara layi ɗaya: duk wanda ya zo daga wurin mai rabon lodin nan, a bar shi ya wuce. A aiki na uku ne ake yin tuntuɓe.

Rukunin tsaro a tsarin Amazon kamar takardar da ke hannun maigadi ce, jerin waɗanda aka yarda su shiga da ƙofar da za su bi. Ba a rubuta hani a cikinta, izini kawai ake rubutawa, wanda ba ya cikin jerin ya koma. Inji ɗaya yana iya samun masu gadi har biyar bisa ƙa'idar farko, kuma in ɗaya daga cikinsu ya ce a shiga, an shiga. Asusun babban kamfani kuwa yana iya ƙunsar ɗaruruwan irin waɗannan takardu, na ma'ajiyar bayanai, na ma'aikatan ofis, na gungun gwaji, na gungun da ke hidimar jama'a. A wacce wakili zai yi rubutu?

Shaidar buhu

Wanda ya taɓa zuwa kasuwar hatsi ya ga yadda ake yi wa buhuna shaida da fenti ko alƙalami kafin a loda su. Buhun masara ɗaya ne da ɗan'uwansa, shaidar ce kawai ke raba na Alhaji wane da na wane. 'Yan dako ba sa tambayar tarihin buhu, shaidar suke karantawa. Haka tambari yake a gajimare: suna da ƙima, rubutu biyu da ake manna wa kowace kadara. Amazon ya yarda a manna har 50 a kan abu ɗaya, sunan ya kai haruffa 128, ƙimar ta kai 256, kuma yana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka kuskuren harafi ɗaya ya isa ya mai da tambari na wani daban.

Da yawa suna ɗaukar tambari kayan ado ne, ko kuma abin da sashen kuɗi ke nema don a san sashen da ya ci nawa a ƙarshen wata. Ga wakilin Kubernetes kuwa, shi ne kaɗai takardar mallaka. Ba ya ajiye wani littafi na daban da zai duba ya ga me ya saya jiya. Idan ya farka, tambaya yake yi wa Amazon: nuna mini duk abin da ke ɗauke da kubernetes.io/cluster/ sai sunan gunguna. Abin da ya fito, nasa ne. Abin da bai fito ba, bai san da shi ba, ko da shi ya gina shi da hannunsa.

Shi kansa wannan tambarin yana da tarihi. Na farkon da aka fara amfani da shi sunansa KubernetesCluster, ƙimarsa kuma sunan gungun. Matsalarsa ita ce suna ɗaya ba ya ɗaukar ƙima biyu, saboda haka gungu biyu ba za su iya raba unguwar sadarwa ɗaya ba, wato yanki ɗaya na filin kamfani a gajimare. Aka gyara ta hanyar cusa sunan gungun a cikin sunan tambarin kansa, aka bar ƙimar ta faɗi ɗayan abu biyu: ko dai kadarar mallakar gungun ce, in an rushe shi a rushe ta, ko kuma ta tarayya ce, a yi amfani da ita amma kada a taɓa ta ranar rushewa. Kalma ɗaya ce tsakanin biyun, kuma kayan aiki irin su kops da tambari suke tattara abin da za su share. Wanda ya rubuta "mallaka" a kan hanyar da gungu uku ke bi ya ɗana wa kansa tarko, yana jiran ranar da wani zai share gungun gwaji.

Yanzu a dawo ga saƙon nan. Dokar wakilin mai sauƙi ce. In inji yana da maigadi ɗaya, shi ke nan, a takardarsa zai rubuta. In suna da yawa, sai ya nemi mai tambari. In babu mai tambari ko kaɗan, ya tsaya. In biyu ne ke da shi, nan ma ya tsaya. Mutane kan ji haushin wannan taurin kai, su ce ya zaɓi ɗaya mana. A ganina wakilin ya fi su gaskiya. A ce ya zaɓi takardar da wasu injuna na daban ma ke amfani da ita, ya buɗe ƙofa ke nan a gidajen da babu wanda ya ce a buɗe, kuma babu wanda zai sani. A ce yau ya zaɓi wannan, gobe bayan ya sake farkawa ya zaɓi waccan, sai izinin jiya ya zama maraya, babu mai share shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yadda ake samun biyun ma ba sakaci ba ne, kowa aikinsa ya yi daidai. Amazon ya buɗe EKS, hidimarsa ta tafiyar da Kubernetes a madadin abokan ciniki, a watan Yunin 2018. Daga sigar 1.14 EKS ya fara ƙirƙirar nasa rukunin tsaron ga kowane gungu, yana buga masa tambarin mallaka. Kafin nan kuwa masu gina gungu da Terraform, manhajar da kamfanin HashiCorp ya fitar a 2014 don a riƙa rubuta tsarin injuna kamar yadda ake rubuta manhaja, sun saba yi wa injuna nasu rukunin, da tambarin nan a jikinsa, domin da can haka ake buƙata. Ranar da wani ya kunna zaɓin da ke cewa a haɗa wa injuna rukunin EKS a kan wanda suke da shi, masu gadi biyu suka tsaya a ƙofa ɗaya, kowanne da shaidar mai gida a ƙirji. Abin ya yawaita har masu kula da sanannen ƙunshin Terraform na EKS suka ware masa wuri a cikin tambayoyin da aka fi yi musu. Da Karpenter ya zo a 2021, manhajar da ke hayo sababbin injuna idan aiki ya ƙaru, sai ya buɗe wata hanyar faɗawa ramin: shi ma da tambari yake neman rukunin tsaro, kuma duk wanda ya dace da abin da aka ce ya nema sai ya rataya wa sabon inji. Sabon wakilin Amazon mai kula da rabon lodi ma ya fi tsohon ruɗarwa a nan, domin adireshi yakan fito lafiya, amma in an ƙwanƙwasa babu mai amsawa a ciki.

Masu shara biyu

Rikici na biyu ya fi wannan cin rai, saboda ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana zuwa yana tafiya. Terraform da wakilin Kubernetes halinsu ɗaya: kowanne yana riƙe da hoton yadda ya kamata duniya ta kasance, kuma duk abin da ya saɓa wa hoton sai ya gyara shi. Idan aka rubuta dokokin rukunin tsaro a cikin jikin rukunin a fayil ɗin Terraform, to Terraform ya ɗauka jerin gaba ɗaya nasa ne. Wakili ya zo ya ƙara layinsa. Bayan kwana uku wani injiniya ya gudanar da Terraform don wani gyara da ba shi da alaƙa, Terraform ya ga layin da ba ya cikin fayil, ya goge. Shafin kamfani ya ɗauke. Kafin a gama kiran waya wakili ya zagayo ya mayar da layinsa, shafi ya dawo, kowa ya ce matsalar intanet ce. Sai wani makon a sake.

Haka yake faruwa da tambarin kansa. Unguwannin sadarwa, wato yankunan da ake raba babban filin kamfani a gajimare, suna buƙatar nasu tambarin don wakili ya san inda zai ajiye mai rabon lodi: kubernetes.io/role/elb ga wanda zai fuskanci duniya, da takwaransa na cikin gida ga wanda ma'aikata kaɗai za su gani. In sashen sadarwa ne ke riƙe da unguwannin a nasu fayil ɗin, sashen manhaja kuma ya manna tambarin da hannu, to ranar da sashen sadarwa ya yi shara tambarin ya tafi. Shi ya sa aka tanadi zaɓi a Terraform na cewa tambura masu farawa da kaza, ka kau da kai, ba naka ba ne. Akwai kuma na uku a rigimar, mai binciken kuɗi, wanda yakan sa a kafa doka cewa ba za a ƙirƙiri komai a asusun kamfani ba sai da tambarin sashen da zai biya. Doka ce mai kyau. Sai dai wakili bai san da ita ba sai an gaya masa, don haka ya nemi mai rabon lodi babu tambarin, a hana shi, injiniya ya koma kallon ana jira.

Takardar maigadin ma tana cika. Ƙa'idar farko a Amazon layi 60 ne na shiga ga kowane rukuni. Wani nau'in mai rabon lodi, mai aiki a matakin hanyar sadarwa, ya daɗe ba shi da rukunin tsaro na kansa, sai a watan Agustan 2023 aka ba shi. Kafin nan kowane ɗaya da aka hayo sai an ƙara wa takardar injuna layi ɗaya na baƙi, da layi ɗaya ga kowace unguwa domin duba lafiya. Mai unguwa uku layi huɗu ke nan, ma'ana hidima ta goma sha shida ba za ta samu wuri ba. Ana iya roƙon ƙari, amma yawan layuka sau yawan masu gadi ba ya wuce 1,000.

A Google da Microsoft rikicin yana da wata kama, domin su ana rubuta hani, kuma kowace doka tana da lambar fifiko. A Google lambar tana tsakanin 0 da 65535, ƙarama ta fi ƙarfi, wadda ba a ba ta lamba ba takan samu 1000, in kuma izini da hani suka yi kunnen doki, hani ne ke rinjaye. Sashen tsaro ya kafa dokar hana duk wani baƙo da lamba 900, da kyakkyawar niyya. Bai lura cewa masu duba lafiyar injuna na Google daga adireshin 130.211.0.0/22 da 35.191.0.0/16 suke zuwa ba. Masu dubawar suka ƙwanƙwasa shiru, suka kai rahoto cewa duk injunan sun mutu, mai rabon lodi ya daina tura musu kowa, alhali suna nan da ransu suna jiran baƙi. Ga kuma wani abin da ke rikita sabon shiga: Google yana da abu uku daban-daban da duk za a iya kira tambari, ɗaya na tsara kaya da lissafi, ɗaya na sadarwa wanda dokokin katanga ke bi, ɗaya kuma na iko. Mutum ya manna wanda ba shi ba, ya zauna yana mamakin me ya hana doka aiki. A Azure na Microsoft lambobin daga 100 zuwa 4096 ne, kuma baƙo yakan wuce masu gadi biyu, na unguwa da na jikin inji. AKS, hidimar Kubernetes ta can, tana gyara nata, amma ba ta taɓa wanda ka kawo ka sa a unguwarka ba. Ta buɗe tata ƙofar, taka tana rufe, kowa a wurinsa ya yi daidai.

Gyaran tsakar dare

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan lamari ba tsayawar aiki ba ce, maganin da ake yi mata ne. Ƙarfe biyu na dare, shafi a kwance, shugaba yana kira kowane minti biyar, injiniya ya rasa wace doka ce ke hana wucewa. Akwai layi ɗaya da ke warkar da komai nan take: a buɗe duk ƙofofi ga 0.0.0.0/0, wato ga duniya baki ɗaya. Shafi ya dawo, kowa ya yi hamdala, a ce gobe za a gyara yadda ya kamata. Goben nan ba ta cika zuwa ba. Layin ba ya cikin fayil ɗin kowa, ba shi da tambari, wakili bai san shi ba. Kuma Kubernetes yana ware ƙofofi daga 30000 zuwa 32767 a jikin kowane inji don hidimomi, ciki har da waɗanda ba a taɓa nufin bare ya gani ba. Garin gyaran gira an rasa ido.

Akwai masu yawo a intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa. A watan Fabrairun 2018 kamfanin tsaro na RedLock ya bayyana cewa ya gano wani allon sarrafa Kubernetes na kamfanin Tesla a buɗe babu kalmar sirri, wasu sun shiga suna haƙar kuɗin kirifto da injunan kamfanin, a ciki kuma akwai makullan asusunsa na Amazon. Tesla ya toshe, ya ce bayanan abokan ciniki ba su taɓu ba. Wannan ba rikicin tambari ba ne, amma yana nuna abin da ke samun ƙofar da aka manta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ko rushe gungu ba ya tafiya salin-alin. In aka kashe wakili kafin ya kwashe kayansa, mai rabon lodi da rukunin tsaronsa sukan rage a baya, Amazon kuma ya ƙi share babban filin saboda akwai abin da ke rataye da shi. Marayun nan kuɗi suke ci a kowace awa: tsohon nau'in mai rabon lodi kusan dala 18 ne a wata a yankin Amurka mafi araha, ko da babu wanda ya bi ta kansa. A Siliko Bali, cibiyar kamfanonin fasaha ta Amurka, wannan kuɗin shayi ne. Ga ƙaramin kamfanin manhaja a Legas ko Kano, musamman tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, marayu goma da babu mai shaidar su asara ce da ake ji a jika, kuma in ba su da tambari babu mai ƙarfin zuciyar share su, kowa yana tsoron kada na wani ne.

Masu Kubernetes sun yi nasu ƙoƙarin. Da can wakilan Amazon da Google da Microsoft a cikin Kubernetes kansa suke, gyara ɗaya sai an jira sabuwar siga. Aka kwashe shekaru ana fitar da su waje, na Amazon ya fita a siga 1.27 a 2023, aka kammala a 1.31 a 2024, an cire layukan rubutu kusan miliyan ɗaya da rabi. Yanzu kowane mai gida shi ke riƙe da wakilinsa, gyara ya fi sauri. Amma tambayar wane ne ke da wannan takarda ba manhaja ce za ta amsa ta ba. Ƙwararrun da suka sha wuya sukan raba gari: rukuni ɗaya a bar wa wakili shi kaɗai ya yi rubutu, wani kuma na Terraform, a rubuta kowace doka a matsayin abu mai zaman kansa don kada wani ya share na wani, a ba Karpenter tambarinsa na daban da zai nema.

Injiniyan namu dai ya buɗe allon Amazon, ya ga rukunin biyu, ya cire tambarin daga jikin wanda EKS ya ƙirƙira tunda shi ne bai san wanda ya sa ba. Cikin minti biyu adireshi ya fito, ya rufe kwamfuta ya tafi gida. Abin da bai karanta ba shi ne gargaɗin da ke cikin bayanan Amazon, cewa in aka cire tamburan wannan rukunin, EKS zai mayar da su duk lokacin da aka sabunta gungun. Kubernetes kuwa sau uku yake fitar da sabuwar siga a shekara.